Ludayi Biyu-Biyu

Yamai, unguwar Maourey

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Dakar lafiya, ke da kayanki ba abin da ya taɓa ku. Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa, Ya raba ki da abokan banza. Ƙarƙashin zannuwanki zan cusa ta don kada ki gan ta sai kin yi nisa, saboda na san halinki. In kika karanta a gabana sai kin gyara mini magana, ni kuwa yau ba na son gyara.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Za ki je koyon yadda ake binciken hankalin yara, yadda tunaninsu ke girma da yadda ake auna shi. To, wannan aiki na taɓa shi da hannuna tun ba ki san harafi ba, kuma na yi kwaɓa a cikinsa, a kanki ke ɗin nan. Kin san ba ni na haife ki ba, kin san a sansanin 'yan gudun yunwa na fara ganinki. Abin da ban taɓa zama na ba ki daki-daki ba shi ne yadda saura ƙiris in hana ki shiga lakwal, wato makarantar boko, da alƙalamina. Yau da gwamnati ta zaɓe ki ta tura ki jami'a, zan faɗa, kuma ina faɗa ina murmushi, don mu muka yi nasara.

Lokacin da fari ya cinye arewa, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, mutane suka yi ta kwararowa Yamai, aka tara su a bayan gari cikin tantuna da bukkokin tsumma. Ke da uwarki Habsu daga arewacin Tawa kuka zo, mahaifinki ya rasu a hanya, Allah Ya jiƙansa. Ni kuwa ƙaramin mushe ne, yadda ake kiran malamin lakwal, ɗan Damagaram, sabon fitowa daga makarantar horon malamai, da rigar kaki mai guga da bik biyu na rubutu a aljihu, ja da shuɗi. Ina jin kaina ƙwarai. Aka ɗauke ni daga aji aka haɗa ni da wata Anasara masaniyar halayyar yara, muna ce mata Madam, in zama bakinta da kunnenta. Abin da ta zo nema shi ne ko yunwa na taɓa tunanin yaro, in tana taɓawa ta wace fuska.

Ana cikin haka kaftin ɗin da ke riƙe da sansanin ya ce za a buɗe aji ɗaya ga yaran, gurbi kaɗan ne. Wanda ɗansa ya shiga zai zauna a gari, sauran kuwa kamiyo, babbar motar kaya, zai mai da su garuruwansu kafin damina. Ya ce tunda Madam tana auna hankali, sai a ba shi sunayen masu hankalin. Madam ta ce ba don haka aka yi awon ba. Ya ce ya ji, amma a kawo sunayen. A zamanin nan in mai kaki ya ce ya ji, magana ta ƙare. Ki riƙe wannan tun yanzu, Rakiya: kafin ki auna yaro ko ɗaya, ki tambayi wanda zai karɓi sakamakon da abin da zai yi da shi. Ke za ki ce bincike kike yi, wani kuwa yana jiran takardarki ya raba mutane da ita.

Ga yadda awon yake. Tanti ne da tabur da kujera, da soja a bakin ƙofa don yara su bi layi. A kan tabur kofuna biyu iri ɗaya, a zuba musu ruwa daidai, a tambayi yaro ko ɗaya ne. Sai a juye ɗaya cikin wani kofi dogo siriri, ruwan ya hau sama, a sake tambaya. Ƙaramin yaro yakan ce na dogon ya fi yawa. Wanda tunaninsa ya fara nuna yakan gane cewa ba a ƙara ba, ba a rage ba. Dabara ce mai kyau, har yau ina ganin kyanta. Ni ne na ɓata ta da wayona. Na ce wa Madam yaran nan ruwa ba ya jan hankalinsu, mu sa madarar agaji da aka dama, za su fi kula. Ta yarda, don ni ne ɗan ƙasa, ana ganin na san abin da nake yi.

Aka shigo da ke, siririya, gashinki ya yi ja, idanu duk sun cika fuska. Na ce, "Yarinya, wannan da wannan ɗaya ne?" Kika ce, "Ɗaya ne," da murya kamar ta sauro. Na juye cikin dogon kofi na sake tambaya kamar yadda takarda ta ce. Kika sunkuyar da kai. Na ɗaga murya na maimaita. Kika saci kallon sojan, kika saci kallona, sannan kika nuna dogon da ɗan yatsa. Na zaro jan bik na yi alama. Daga nan na mai da madarar cikin buta don yaro na gaba, kina kallo, aka fitar da ke ba ki kurɓa ba. Wannan wurin har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Dubi yawan shirmen da na tara a zama ɗaya. Na ajiye abinci gaban yaro mai jin yunwa na ce ya yi tunani. Na sa kaki, ga wani kakin a ƙofa da bindiga. Sannan na yi tambaya ɗaya sau biyu. A gidajenmu yaushe babba ke maimaita wa yaro tambaya? Sai in amsar farko ba ta yi masa ba. Yaro mai tarbiyya ya ji an sake tambaya, ya san an ce ya canza ne, sai ya canza. Ladabinki na auna ranar, na rubuta shi a matsayin rashin fahimta. Don haka in kin shiga aiki, ki ciyar da yaro kafin ki tambaye shi komai. Ki zauna ƙasa inda yake zaune. Ki dubi ɗakin da idonsa, ki ga abin da zai ba shi tsoro, ki fitar da shi waje. Kuma in aka kawo miki gwaji da aka ƙera a wata ƙasa, ki girmama shi, amma ki fara gwada gwajin kansa kafin ki gwada 'ya'yan mutane da shi.

Bayan awo sai hira da iyaye, don a ji yadda yaro yake a gida. Nan na fara zama gaban uwarki, da takardar tambayoyi a hannu.

Na ce, "Baiwar Allah, yaya sunan yarinyar?"

Ta kau da kai ta ce wa maƙwabciyarta, "Faɗa masa."

Na ce, "Tana iya ƙirga?"

Ta ce, "Wannan? Me ta sani."

Na ce, "In an aike ta tana kai saƙo daidai?"

Ta ce, "Sai dai ɓarna."

Na ce, "Wayonta ya kai na sa'o'inta?"

Ta tsuke baki ta ce, "Malam, ka tambayi wani abin."

Ni kuma na juya wa Madam shi da Faransanci kalma bayan kalma, ina jin daɗin yadda nake fassara ba tuntuɓe. Madam ta rubuta cewa uwa ta tabbatar yarinya ba ta san komai ba. Ta ƙara da cewa uwar ba ta ko ambaton sunan 'yar, da alama wahala ta yanke shaƙuwa tsakaninsu. Na karanta na gyaɗa kai. Sunanki bai shiga cikin na 'yan aji ba, aka ce ku shirya wa kamiyo.

Abin da ya farkar da ni daga Damagaram ya zo. Wani direba ɗan unguwarmu ya kawo mini ƙullin garin gero da 'yan dabino daga wurin tsohuwata, a shekarar da kowa ke ɓoye tsabarsa. Na ce, "Me ta ce?" Ya yi dariya ya ce, "Cewa ta yi, ka kai wa sakaran can na Yamai, in bai ɓatar da kansa ba. Amma tana faɗa tana goge ido da bakin mayafi." Ina tsaye riƙe da ƙullin nan sai na gane. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona gaban mutum ba, kuma ba wanda ya taɓa sona kamarta. Ke ma 'yar fari ce, maƙwabciyar ta faɗa mini, na ma rubuta. Ashe kunyar ɗan fari ce Habsu ta yi mini, irin wadda na tashi a cikinta, ga kuma tsoron bakin mutane, don ba uwar da za ta zauna tsakiyar sansanin da ake binne yara ta ce nata mai wayo ne. Madam tana da uzuri, baƙuwa ce. Ni fa? Takardar Faransanci ta shiga hannuna, na manta gidan da na fito.

Ki ji ni da kyau a nan. Hira da iyaye hanya ce mai amfani, amma abin da baki ya faɗa rabin zance ne. Ki san wa ke magana, a gaban wa, da abin da al'ada ta hana shi faɗa. In uwa ta kushe ɗanta, ki tambayi na nawa ne a haihuwa. Ki nemi gwaggo ko yayar uwa, su bakinsu a sake yake. Kaka kuwa ki yi hattara da ita, don za ta ce miki jikan nan mijinta ne marar amfani, in kika rubuta kin shiga uku. Kuma in kina fassara wa wani, kada ki miƙa masa kalmomi tsirara ki ce kin gama aiki.

Washegari na ajiye kaki da bik, na sa wata tsohuwar taguwa, na tafi sansani na zauna gindin wata aduwa kusa da inda ake rabon kunu, ina ɗinkin buhunan da suka yage. Da farko yara suka kewaye ni suna kallo. Na ƙyale su. A hankali suka gaji da ni, na zama kamar turmin da ke gefe, kowa ya koma harkarsa. Wannan ita ce dabarar kallo gaba ɗayanta, kuma ta fi kowace wuya ga mai surutu irina: ki zauna har a gaji da ke, kada ki sa baki, ki riƙe abin da kika gani daban da abin da kike zato.

Ran nan da hantsi mata sun tafi layin ruwa, aka bar miki kwanon kunun layinku da ludayi, ƙanana sun zagaye ki kowa da abin shansa. Wani yaro mai akushi mai faɗi ya fashe da kuka, wai na kusa da shi, mai dogon gwangwani, an fi cika masa. Sai na ji wata murya da ban san kina da ita ba.

Kika ce, "Kai, yi mana shiru. Ludayi biyu-biyu na zuba muku. Naka faɗi ya yi, nasa tsawo."

Bai daina ba. Kika karɓi gwangwanin wata da ta shanye nata, kika juye kunun akushin a ciki, kika jera shi da ɗayan, bakinsu ya zo daidai.

Kika ce, "Ga shi nan. Ya ƙaru ne? Sha abinka, kada in ba wani."

Rakiya, allurar da ke hannuna sai da ta soke ni. Abin da na yi miki jan bik a kansa, shi ne kike koya wa wani, har da hujja. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na bar buhunan nan a ƙasa na tafi wurin Madam da sauri har ina haɗa Hausa da Faransanci.

Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Yarinya ɗaya ka gani, sau ɗaya, kuma kana so ta ci. Wannan bai isa ba." Raina ya ɓaci, na yi ta huci. Amma gaskiyarta ce, kuma ita ce mafi tsadar abin da na koya a wurinta. Muka tara duk yaran da suka faɗi, muka raba su biyu ba zaɓe. Rabi aka maimaita musu a tanti yadda aka yi da farko, don mu ga ko maimaitawa kaɗai ke sa yaro ya iya. Rabi kuma a gindin aduwa, bayan sun ƙoshi, da ludayi da kwanukansu, wata budurwa 'yar sansanin ce ke tambaya, sau ɗaya tak. Mai rubuta amsa wani malami muka ɗauko wanda bai san wa ya ci wa ya faɗi ba. Ni aka ce in koma gefe in rufe bakina. Na tanti suka yi tsit kamar da. Na gindin aduwa kuwa sai da muka roƙe su su bari, har gardama suke da mai tambayar. Daga baya muka kawo na tantin ma gindin itacen, su ma bakinsu ya buɗe. Akwai 'yan kaɗan da ko a nan ba su iya ba, waɗanda ciwo ya ci sosai, ba mu ɓoye su ba. In zuciyarki na son wata amsa, 'yata, ranar ce za ki ƙara tsanani a kan kanki, ki nemo wanda bai san abin da kike fata ba ya duba miki.

Saura kaftin. Madam ta ce za ta je, na ce a'a, ni na fassara, ni zan warware. A zamanin da mutum ke waiwayawa kafin ya yi tari, na shiga ofishinsa na ce sunayen da muka ba shi ba daidai ba ne. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Mushe, ka san abin da kake faɗa? Kamiyo na hanya." Na yi masa bayanin madara da tanti da aduwa. Fuskarsa ko gezau. Da na zo kan hirar iyaye sai na yi ƙundunbala na ce, "Ranka ya daɗe, kai ɗan fari ne?" Na fara salati a zuci. Can sai ya ce, "Yayana ne. Mu ma Zabarmawa haka muke. Shi ya gina wa tsohuwa ɗaki, har yau 'wancan' take ce masa." Ya yi 'yar dariya, ya ce, "To yanzu masu hankalin sun fi gurbi yawa. Wa zai koyar da su?" Na ce ni. Ya ce in nemo zana da itace, shi zai ba da sojoji su kafa rumfa. Haka aji ɗaya ya zama biyu. Kamiyo ya zo ya tafi ba ke a ciki, ba uwarki, ba yaron nan mai akushi.

Ranar da aka buɗe ajin rumfa ke ce a gaba, da allo a cinya. Na ce wa zai ƙirga mana, kika tashi kika wuce inda na yi niyyar tsayawa. Na fita bayan rumfa na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Bayan 'yan shekaru na aika neman auren Habsu, kuma a wannan tambayar ma maƙwabciya ce ta amsa.

Kuskure ɗaya ya rage, gajere ne. Madam ta koma ƙasarsu ta bar mini aikin bin yaran nan shekara bayan shekara, in ga yadda suke girma. Hanya ce mai kyau, don awo ɗaya rana ɗaya kawai yake nuna miki, bin yaro tsawon shekaru shi ke nuna inda ya dosa. Da na ga kuna cin jarrabawa kuna wuce 'yan birni, sai na fara cika baki a majalisa cewa yunwa ba ta yi wa kowa komai ba. Daga baya na zauna na lura cewa waɗanda suka rage a hannuna kawai nake ƙirgawa. Mafi rauni sun daɗe da fita, wasu ciwo, wasu iyaye sun kwashe su, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Yunwa ta yi ɓarna, Rakiya, ba dai irin wadda muka rubuta a tanti ba. In kina bin yara, duk wanda ya ɓace miki ki neme shi, in ba ki same shi ba ki rubuta cewa ya ɓace.

Yanzu ga aikinki na farko, daga gida. Da zan fara takardar nan na ce wa uwarki, "Habsu, me zan rubuta mata daga wurinki?" Ta ce, "Me zan ce? Ta dai riƙa cin abinci, kada ta ba mu kunya. Ni ban san abin da suka gani a wurinta ba." Wannan ita ce hirar. Ga kuma abin da mai ɗinkin buhu ya gani. Tun ranar da labarin tafiyarki ya zo, ba gidan da ba ta shiga ba a Maourey, wai aro take nema. Yau taɓarya, gobe rariya, jibi gishiri, alhali duk muna da su. Sai ta tsaya a tsakar gidan mutane tana jan zance har a ce, "Habsu, ashe 'yarki za ta Dakar karatu?" Ta ce, "Haka nake ji ana faɗa." Ta dawo tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Taɓaren unguwa sun cika mana madafa, ni zan bi in mayar.

Ɗazu kuma da na ɗaga zannuwanki ina neman inda zan ɓoye takardar nan, na tarar wani ya riga ni. Ludayi ne sabo, na duma, naɗe cikin ɗankwalinta mafi kyau. Sau ɗaya tak na taɓa ba ta labarin kunun nan, tun kina ajin rumfa, kuma ranar cewa ta yi, "Ai kowa ya iya rabon kunu." Ban tambaye ta ba, ke ma in kin rubuto kada ki tambaye ta. Ki dai ce kaya sun iso, za ta gane.

Allah Ya kiyaye ki a kan tudu da kan ruwa, Ya tsare lafiyarki da mutuncinki da sallarki. Allah Ya buɗe miki karatu, Ya sa duk yaron da zai zauna gabanki ya tashi da cikinsa a ƙoshe da sunansa a gyare. Ya dawo mana da ke lafiya, ki same mu lafiya. Ƙannenki suna gaishe ki. Uwarki tana bakin murhu, ta ce ba ta da saƙo.

Wassalam,

Babanki, Isufu